Ɗakin Karnuka a Wani Gida a Birnin Kebbi: Yadda Aka Tsara Shi da Abin da Ya Biyo Baya

Gidan da wannan bayani ya shafa yana bakin garin Birnin Kebbi ne, ta hanyar Kalgo, cikin sababbin unguwannin nan da gini ya riga titi da fitila zuwa. Maigidan ɗan kasuwar shinkafa ne, da matansa biyu da yara, ga kuma mahaifiyarsa da ke zaune a sashenta. Cikin damina ɗaya aka haura katanga aka kwance injin bohol, aka dawo aka kwashe batiran sola, daga baya aka ja tumaki daga garke. Akwai maigadi, amma dattijo ne, kuma mutum ɗaya ba ya tsare kusurwa huɗu. Sai Alhaji ya samo karnuka biyu: mace, irin karnukan farautar nan namu masu siririn jiki da gajeren gashi, da namiji ruwa-biyu mai jinin Alseshan, ƙato mai gashi.

Satar ta tsaya, sai wata damuwa ta taso. An ɗaure karnukan da sarƙa a gindin tankin ruwa, inda rana ke dukan su tun daga azahar har la'asar sakaliya. Sarƙa ta ci wuyan namijin har ya yi miki, ƙudaje suka cinye masa bakin kunnuwa, haushi kuwa ba dare ba rana. Kaska ta fara hawa bangon kicin. Ranar da abin ya kai maƙura, macen ce ta tsinke ta bi wani almajiri da ya shigo karɓar abinci. Allah ya tsare ba ta cije shi ba, amma yaron ya faɗi ya kurje gwiwa. Inna, wadda ba ta kama sunan Alhaji saboda ɗan fari ne, ta aika masa ta bakin uwargida: "Ku hwaɗa mai, wanga kare ba shi ƙara taka min tsakar gida. In ko ya taka, ni in koma Jega."

Ni na zana gidan tun farko, don haka ni aka kira.

Abin da Alhaji ya zo da shi

Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotunan ɗakunan karnuka na gidajen Amurka da Ingila: tayil har sama, wurin wanka, durowoyin ajiye abinci, gado mai laushi, duk a gefen kicin. Nufinsa a mayar da ƙaramin ɗakin da ke jikin falonsa haka, a sa na'urar sanyaya ɗaki.

Waɗannan ɗakuna suna da kyau, kuma suna biya wa masu su buƙata. Amma buƙatarsu daban ce. Can kare ɗan ɗaki ne, abin da ake gudu shi ne sanyi da ƙanƙara da taɓon da zai kwaso a ƙafa bayan an fita yawo da shi. Nan abin da zai kashe kare zafi ne, abin da zai cinye shi kaska ce, sannan gidan Bahaushe ba ya rabuwa da masu shige da fice: almajirai, 'yan talla, 'yan ga-ruwa, matan unguwa masu zuwa barka da gaisuwa. Ga kuma maganar addini, wadda ita ce kan gaba a zuciyar kowa a gidan ko da ba a furta ta ba. Na ce masa kafin a taɓa bulo ko ɗaya, a fara warware wannan.

Muka je wurin limamin unguwar bayan sallar la'asar. Alhaji ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ɓarayi sun dame ni, na aje karnuka, ga shi Inna ta yi hushi." Malam bai yi gaggawa ba. Ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kullum, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Ya ce Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ajiye kare a gidajen birni. Amma masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mai littafin, da bangon gidansa ya faɗi kuma ya ji tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa maganar Imamu Malik ta ƙin ajiye kare sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka malamai da dama suka halatta karen gadi idan buƙata ta tabbata. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai bin umarni ne, sai dai Shafi'iyya sun tsananta, kuma babu laifi mutum ya nisanta.

Sharuɗɗansa uku ne: kada kare ya kusanci ɗakunan kwana da wurin salla, kwanukansa su zama nasa shi kaɗai, sannan a ba shi haƙƙinsa. A nan ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wannan na ukun shi ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne ainihin aikina. Karen da ke yawo a gari yana neman inuwa da kansa, ya tona ƙasa mai sanyi ya kwanta, ya sami kududdufi ya sha. Ranar da ka rufe shi ka karɓe masa duk wannan, kai ne inuwarsa, kai ne ruwansa. Duk wani ma'auni da na sa a takarda daga baya, daga nan ya fito.

Zaɓen wuri

Ɗakin jikin falo ya faɗi nan take. Gindin tanki ma bai yi ba, yana yamma kuma yana kusa da bohol. Abin da ya rage shi ne wani tsohon sito a farfajiyar waje, tsakanin get da ƙofar shiga cikin gida, manne da ɗakin maigadi. Wannan ya dace da yadda kakanninmu suka tsara gida tun asali: akwai ƙofar gida inda baƙo da dabba ke tsayawa, akwai cikin gida inda iyali suke. Inna ta yarda da wannan da sharaɗin a sa ƙyaure a ƙofar tsakiya, aka sa.

Siton mita 4 ne a tsawo, mita 3 a faɗi, dogayen bangayensa suna kallon kudu da arewa. Wannan sa'a ce babba. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, rana kusan a tsakar ka take da tsakar rana. Rufi ne ke shan mafi yawan zafin, sai bangon gabas da safe, sai na yamma da yamma, wanda shi ya fi muni domin yana haɗuwa da zafin da gini ya riga ya tara tun safe. Bangon yamma na siton shi ne wanda ya haɗa da ɗakin maigadi, ke nan rana ba ta taɓa shi. Sai dai maigadi ma mutum ne mai haƙƙi, saboda haka aka ɗaga wannan bango har ya tokari rufi, aka yi masa filasta ta ɓangarorin biyu, don kada wari ko kaska ko ƙarar haushi su riƙa ratsawa inda yake kwana yake salla.

Ciki aka raba shi uku. Ta kudu an bar lungu mai faɗin mita 1 daga bango zuwa bango, inda mai kula zai tsaya. Sauran aka raba biyu, kowane kare da sashensa, mita 2 da mita 2. Tsakaninsu bulo ne har tsayin ƙirjin mutum, daga nan raga ta ƙarfe, don iska ta wuce amma kada su riƙa kallon juna a kan abinci. Kowane sashe yana da 'yar ƙofa ta arewa da ke fita wani fili mai shinge, wajen mita 4 da mita 5, a ƙarƙashin wata dogon yaro da ke wurin tun kafin a yi gidan. Alhaji ya ga kamar rabawar ɓarnar kuɗi ce tunda karnukan sun saba da juna. Na nace. Mace za ta shiga lokacin neman namiji, in ba a son 'ya'ya dole a raba su. In an bar ta ta ɗauki ciki, bayan kwana 63 ko kusa da haka tana buƙatar wurin da ba mai damun ta. In ɗaya ya kamu da ciwo dole a keɓe shi.

Zafi

Kare ba ya gumi kamar mutum. 'Yan ƙwayoyin gumin da ke masa aiki a tafin ƙafa suke, sauran sanyaya jikinsa duk da haki ne: yana fitar da harshe, danshin baki da maƙogwaro yana bushewa yana tafiya da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya kai wajen 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Idan iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi kuma ba ta motsi, hakin ba ya wadatarwa. Haka ma a watan Agusta, lokacin da damshin fadama ya cika gari, ko da ma'aunin zafi bai hau sosai ba.

Rufin siton kwano ne tsirara, mai tsawon hannu zai iya taɓa shi. Aka cire, aka ƙara layukan bulo har tsayin ya kai mita 3 da 'yan kai, aka mayar da kwano mai farin fenti, aka sa silin a ƙarƙashi da tazara a tsakani, aka bar bakin tazarar a buɗe da raga don zafin da ya taru ya sami hanyar fita. An fito da bakin rufin santimita 60 ta kowane gefe don ya yi wa bango inuwa. A bangon kudu da na arewa aka jera bulo mai huji layi biyu, ɗaya ƙasa daidai inda kare ke kwanciya, ɗaya can sama kusa da silin. Iska mai ɗan sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Mutane da yawa suna yin taga daidai tsayin mutum su ga iska na kaɗa su su ce ɗaki ya yi, alhali wanda zai zauna ciki hancinsa bai wuce gwiwarsu ba. Bangon gabas kuwa ba a huda shi ba, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, da iska mai watso ruwa a karkace. Duk hujin an bi shi da raga iri biyu, mai ƙarfi ta ciki don farce da haƙori, ta sauro ta waje don ƙuda da kunama.

Na'urar sanyaya ɗaki na ƙi ta gaba ɗaya. Tana buƙatar ɗaki a rufe ruf, wuta kuwa ba abin dogaro ba ce. Ranar da aka ɗauke ta da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, mutanen gida suna ciki ba wanda ya tuna, ɗakin zai koma tanderu da dabba a kulle ciki. Aka sa fanka mai aiki da sola a saman lungun, wayarta cikin bututu inda baki ba ya kaiwa. Ko ta tsaya, ɗakin yana shan iska da kansa.

Ruwan sha kuwa, kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ke nan mai kilo 30 yana shan abin da ya kusa lita 2, da bazara kuma ya fi haka nesa. Aka kawo famfo cikin lungun, aka yi wa kowane sashe mazaunin kwano na ƙarfe a jikin bango don kada a kifar. Kwanukan da bokiti da tsintsiyar ɗakin duk an shafa musu jan fenti a gindi, kowa a gidan ya san ba sa ƙetare ƙofar tsakiya.

Daɓe, bango da kaska

Nan muka fi daɗewa da magini. Shi da Alhaji tayil suke so, don yana da saurin wankewa. Tayil mai sheƙi yana da santsi, in ya jiƙe babban kare yana zamewa, irin Alseshan kuwa dama an san su da matsalar ƙugu. Sannan layukan da ke tsakanin tayil suna tsagewa su riƙe fitsari. Daɓen siminti aka yi, aka goge shi daidai, ba sulɓi ba kuma ba kaushin da zai ci tafin ƙafa ba, da gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa wata 'yar kwata a bakin lungun. Inda bango ya haɗu da daɓe na ce a cike kusurwar a lanƙwasa ta, kada a bar lungu mai kaifi. Bangon a yi masa filasta mai santsi har sama, a bi da fentin mai, a toshe duk wata tsaga har gefen firam ɗin ƙofa. Magini ya ajiye cokalinsa ya ce, "Injiniya, kare ne fa zai kwana ciki, ba amarya ba."

Na zaunar da shi na yi masa bayanin kaskar kare, jar nan mai duhu. Ta bambanta da yawancin kaskar shanu da ke jira a ciyawa, ita a cikin gini take iya yin rayuwarta duka. Macen kaskar in ta sha jini ta ƙoshi sai ta saki kare, ta hau bango ta nemi tsaga ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su hau kare su sha, su sauka su ɓuya su sake fata, su sake hawa. Sau uku take hawa tana sauka kafin ta gama. Ke nan wadda kake gani a kunnen kare kaɗan ce, mafi yawa suna cikin bango, kuma suna iya yin watanni ba su ci komai ba. Shi ya sa za ka ga an yi wa kare wankan magani yau, bayan mako biyu ya sake cika. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana sa masa cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama da farin dadashi, wani lokaci da haɓo. Ɗakin da ba shi da tsaga yana hana ta wurin ɓuya. Da ya ji haka, shi da kansa ya koma ya sake bin gefen firam ɗin.

Saboda wannan dalili ba a sa gadon katako mai ƙusoshi ba. Mai walda ya yi firam na ƙarfe mai tsayin santimita 15 daga ƙasa, aka ɗora shimfiɗar roba mai kauri wadda ake ɗagawa a wanke a shanya. Maganin kaska kuwa likitan dabbobi ne ya rubuta, ya nuna yadda ake sirkawa. Na roƙi mutanen gidan kada su kuskura su shafa wa kare fiya-fiya ko maganin feshin gona, kamar yadda wasu ke yi. Guba ce mai shiga ta fata, tana kashe karen, tana kuma cutar da yaron da ya shafa.

Ruwan wankin ɗakin ba a sake shi kwatar unguwa ba, an yi masa 'yar sokawe tasa, nesa da bohol fiye da mita 15. Kashi kuwa ba a kora shi da ruwa, kwashewa ake yi safe da yamma a zuba a rami mai murfi. Wannan ba don wari kaɗai ba ne. Kashin kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki mai kama yaran da ke wasa da ƙasa. Akwai kuma wata tsutsa da ke zagayawa tsakanin kare da tumaki: ita ce ke sa ka ga ƙulli mai ruwa a hanta ko huhun rago in an yanka. In aka jefa wa kare wannan ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashi, ya koma wa dabbobi, ya kuma kama mutum. A gidan da ake kiwo ake layya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Aka kafa doka: kayan cikin da aka ga alamar ciwo a jikinsu a binne su, sauran kuma sai an dafa.

Ƙofa biyu ce tsakanin kare da farfajiya, ta waje mai shiga lungu da ta ragar kowane sashe, kuma ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Sakatar waje tana sama inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Wuta ƙwai ɗaya ne a sama. An kafa 'yar durowar ƙarfe mai makulli a lungun don magani da katin allura.

Allura da abinci

Ɗaki komai kyansa ba ya hana ciwon haukan kare, allura ce ke hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta cizon kare, kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Alhali allurar rigakafin kare ana sarrafa ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kafin a shigar da karnukan sabon ɗakin an kai su asibitin dabbobi, aka yi musu ita da ta ciwon amai da gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo, aka ba su maganin tsutsa, aka yi musu wankan kaska don kada su shiga da ita.

Abinci ragowar gida ne, shinkafa da tuwo, da ƙarin kifi da nama da ake dafa musu daban. Abin da na ja hankalin uwargida a kai shi ne albasa. Mu nan ƙasar albasa ce, ga Aliero kusa, ba miyar da ake yi babu ita. Albasa kuwa, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare in ya ci da yawa ko yana ci kullum, haka tafarnuwa. Sai a ɗebi nasu kafin a zuba miya. Goro ma kada a yar inda za su tsinta, da ƙashin kaza dafaffe mai tsagewa ya soki hanji.

Abin da shekara ta nuna

Haushin rana ya ragu sosai tun makon farko, domin yanzu suna barci da rana kuma ba sa ganin masu shige da fice. Mikin wuya da na kunne suka warke. Kaska ba ta ɓace ɗungurungum ba, suna kwaso ta da dare a gefen garken tumaki, amma ba ta sami wurin zama a ɗakin ba, kuma an daina ganin ta a bangon kicin. Inna tana nan a sashenta.

Akwai abubuwan da sai da aka zauna aka gan su. Gashin namijin ya riƙa toshe kwata, aka sa mata matacin raga mai cirewa. Ƙasan ƙofar raga ta fara tsatsa saboda fitsari, aka yanke aka ɗaga ta kaɗan aka sake fenti. Da hunturu ya kankama, macen mai gajeren gashi ta riƙa rawar sanyi da asuba, domin iskar arewa maso gabas tana shigowa ta hujin ƙasa kai tsaye. Sai aka riƙa rataya buhu a hujin sashenta daga Disamba zuwa Fabrairu, shi kuwa namijin lokacin ne ya fi walwala. Da damina kuma wasu ƙuraje suka fito wa macen a ciki da cinya, kowane da tsutsa a ciki. Likita ya ce wani ƙuda ne mai yin ƙwai a yashin da ke inuwa wanda fitsari ya taɓa. Ashe ragowar yashin gini da aka bari a gindin dogon yaron ne take kwanciya a kai. Aka kwashe shi, aka daɓe filin da burji.

Gwajin gaske ya zo ranar da namijin ya kama hannun wani yaron gidan da ya miƙa hannu zai ɗauki kwano yana cikin ci. An wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, aka kai shi asibiti a take tare da katin allurar karen, likitoci suka yi abin da ya kamata. Karen aka rufe shi a sashensa kwana 10 ana lura da shi kamar yadda ƙa'ida take, yana fita filinsa yana dawowa, ba ya haɗuwa da kowa. Ya gama lafiya lau. Da a gindin tanki yake, abin da aka saba shi ne a taru a kashe shi a jefar, a rasa hanyar sanin ko yana da ciwon ko babu. Bayan wannan aka yanka 'yar taga a ƙasan kowace ƙofar raga, ta inda ake tura kwano a jawo ba tare da an shiga ba.

Abu ɗaya ne ginin bai warware ba. A tsakiyar Afrilu, macen tana kwance tana barcinta, namijin kuwa yana haki tun hantsi har magariba. Ana taje masa gashin ƙasa, ana jiƙa daɓe, ana sauya ruwa sau da yawa, yana wuce bazarar amma da wahala. Ina ganin duk wanda zai ajiye karen gadi a Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara ya fara duba irin namu, masu jure zafi da cutar kaska, kafin ya kai ga na ƙasashen sanyi. Ina jin takaici in na ga an kawo irin manyan nan masu gashi kamar na tunkiya, waɗanda asalinsu daga duwatsun Kokeshiya ne, an ɗaure su a kejin ƙarfe a rana don a burge baƙi.

Sai maganar mai sakin su. Tsarin gidan shi ne a buɗe musu bayan an rufe get da dare, a mayar da su kafin kiran assalatu, don masu fita masallaci. Maigadi ne kaɗai ke yin wannan, kuma muryarsa kaɗai namijin ke ji. Da ya tafi ƙauyensu ganin gida, kwana biyu karnukan suka yi a rufe ba wanda ya iya sakin su ya mayar. Yanzu babban ɗan Alhaji yana bin maigadi safe da dare, shi ke tura kwano, shi ke riƙe igiya. Macen ta riga ta saba da shi. Namijin yana karɓar abinci a hannunsa, amma har yanzu ba ya shiga ɗaki da asuba sai dattijon ya yi magana.